Kundin aiki: tace tsofaffin wasiƙun imel daga ƙwayoyin cutar kwamfuta ba tare da an rasa akwatin ba

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Aikin ya taso ne daga kwamfutar sashen kuɗi na wani ƙaramin ofis. Manhajar kariya ta yi bincikenta na mako-mako, ta ga ƙwayar cuta a cikin wani fayil mai suna Inbox, ta ɗauke shi ta killace. A wurinta fayil ɗaya ta kama. A wurin ofishin kuwa wasiƙun shekara tara ne suka ɓace lokaci guda, domin Thunderbird, manhajar imel da ake amfani da ita a kwamfutar, yana tara duk wasiƙun folda ɗaya a cikin fayil ɗaya, tsarin da ake kira mbox. Wasiƙa na bin wasiƙa kamar an ɗinke su, kowace tana farawa da layin da ya soma da kalmar From da tazara a bayanta. Asusun kuma na POP3 ne, wato tsarin sauke wasiƙu daga saba (kwamfutar mai ba da sabis ɗin imel) zuwa kwamfutar mutum, an saita shi ya goge wasiƙa daga saba da zarar an sauke ta. Babu wani kwafi a ko'ina.

Abu na farko shi ne hana kowa buɗe Thunderbird a kan kwamfutar. Idan aka buɗe shi bai tarar da Inbox ba, zai ƙirƙiro sabo fanko, ya fara zuba sababbin wasiƙu a ciki. Wanda ya dawo da tsohon daga killace zuwa mazauninsa na asali a wannan hali, to ya danne sababbin ke nan. An dakatar da binciken kai tsaye na manhajar kariya na ɗan lokaci, aka fito da fayil ɗin zuwa wata folda daban, aka duba girmansa: GB 6.8. Layin farko ya fito daidai, From da ɗan jan layi da kwanan wata, sai layukan kan wasiƙa a ƙasa. Fayil ɗin lafiya lau yake.

Kwamfutoci shida ne a ofishin. Biyar na amfani da Thunderbird, ɗaya na da Outlook da fayil ɗinsa na PST, inda yake tara wasiƙu. Ƙa'idar da aka tsayar tun yau ita ce babu manhajar binciken da za ta sake taɓa akwatin da ake aiki da shi. Komai a kan kwafi za a yi.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ranar kwafi. Aka rufe Thunderbird a kowace kwamfuta, aka duba Task Manager don tabbatar da cewa ya mutu da gaske, sannan aka kwashe foldar bayanansa ɗungurungum daga `%APPDATA%\Thunderbird\Profiles` zuwa faifan waje, tare da Inbox ɗin da aka fito da shi daga killace. Ɗaukar fayilolin wasiƙu kaɗai bai isa ba. A cikin foldar kowane asusun POP akwai wani ɗan fayil, `popstate.dat`, wanda ke riƙe da lissafin wasiƙun da aka riga aka sauke. A asusun da ke barin kwafi a saba, ɓacewarsa na sa komai ya sake saukowa biyu-biyu. Fayilolin da suka ƙare da `.msf` fihirisa ce kawai, babu wasiƙa a cikinsu, amma su ma an tafi da su.

Kwafi biyu aka yi. Na farko an lissafa lambar tantancewarsa da `sha256sum`, aka cire masa izinin rubutu da `chmod -R a-w`, aka zare faifan aka ajiye a kabad. Na biyu shi ne na aiki, yana kan wata kwamfuta mai tsarin Linux na Debian 12 da RAM GB 8. A tanadi fili ninki uku na girman wasiƙun: na ajiya, na aiki, da na gutsattsarin da za a fitar.

Wata magana da ya kamata kowa a ofishin ya ji, domin fargaba ce ke sa a yi gaggawar gogewa: ƙwayar cutar da ke cikin tsohuwar wasiƙa ba ta motsi. Maƙalallen fayil yana zaune ne a matsayin rubutun base64, inda kowane bayit uku ya koma haruffa huɗu, layi-layi masu haruffa 76. Sai wani ya buɗe wasiƙar, ya danna fayil ɗin, sannan ya zama abin da zai iya cutarwa. Wasiƙar da ta kwana shekara shida a Inbox za ta iya ƙara mako biyu.

Laraba, 5 ga Fabrairu

An girka ClamAV, manhajar binciken ƙwayoyin cuta, daga ma'ajiyar Debian, jerin 1.0. Ƙoƙarin farko na gudanar da `freshclam`, mai sauke kundin alamomin gane cuta, da hannu ya ƙi, yana kukan an kulle fayil ɗin rahoto. Dalili kuwa Debian na tayar da shi a bayan fage tun lokacin girkawa. Aka tsayar da shi da `systemctl stop clamav-freshclam`, aka sake gwadawa, kundin alamomi uku suka sauko: main, daily da bytecode. Masu sayen data da tsada su lura, saukewar farko ce mai nauyi, na bayanta ƙari ne kawai. Kada a riƙa goge kundin ana sake saukewa, sabar na toshe mai yawan yin haka.

Daga nan aka yi gwajin da ya nuna hatsarin da ya fi killacewa ɓoyuwa. An ba `clamscan`, umarnin bincike na ClamAV, kwafin Inbox ɗin nan yadda yake. Bai jima ba ya amsa:

`Inbox: OK`

Wannan fayil ne da muka san tabbas akwai cuta a cikinsa. Amsar tana can ƙasa a taƙaitaccen rahoto, inda layin Data scanned ya nuna 0.00 MB. Ko bayit ɗaya bai bincika ba. ClamAV na da iyakar girman fayil, wadda tun fitowar 0.105 ta zama MB 100, a da MB 25 ce, kuma jimillar abin da zai bincika a cikin fayil ɗaya MB 400. Duk abin da ya wuce iyaka tsallake shi yake yi, ya rubuta OK. Ana iya ɗaga iyakar da `--max-filesize` da `--max-scansize`, amma akwai rufin da ba a wucewa, domin injin ba ya binciken fayil da ya haura GB 2. Daga yau duk umarnin bincike sai an haɗa masa `--alert-exceeds-max=yes`, wanda ke sa tsallakewa ta fito fili da suna mai farawa da Heuristics.Limits.Exceeded.

An kuma gwada shi a kan foldar Sent ta wata kwamfuta, mai MB 70. Wannan ya bincika, ya samu abu, amma sunan fayil kawai ya bayar, bai faɗi wace wasiƙa ba ce cikin ɗaruruwan da ke ciki, kuma a kan na farko ya tsaya sai in an sa masa `--allmatch`. Da an haɗa masa `--remove` ko `--move`, da Sent ɗin gaba ɗaya ya bi hanyar da Inbox ya bi ranar Litinin. Waɗannan zaɓuɓɓuka biyu ba su da gurbi a wannan aiki.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Mafita ita ce a warware mbox zuwa wasiƙu ɗai-ɗai, yadda tsarin Maildir da Daniel Bernstein ya ƙirƙiro wa manhajar sabar imel ta qmail yake yi: wasiƙa ɗaya, fayil ɗaya. An rubuta ɗan shirin Python da kayan `mailbox` da ke zuwa tare da harshen. Yana buɗe kwafin, ya ɗauko kowace wasiƙa da `get_bytes`, ya ajiye ta da lamba mai gurbi shida, dubu-dubu a kowace ƙaramar folda. A gefe yana cika wani jadawali: lamba, kwanan wata, mai aikowa, take, Message-ID (lambar shaidar wasiƙa), da darajar X-Mozilla-Status (layin da Thunderbird ke rubuta halin wasiƙa).

Abubuwa biyu aka kiyaye. An bar layin From na farko a kan kowane gutsure ta hanyar `from_=True`, saboda ClamAV daga haruffan farkon fayil yake gane irinsa, ba ya kula da sunan da aka raɗa masa. Sannan an guji `as_bytes`, domin shi sake gina wasiƙar yake yi, kuma wasiƙar mai cuta sau da yawa da gangan aka karkata gininta. Ana son a bincika abin da ke kan faifai yadda yake.

Sai lissafi ya ƙi daidaita. Thunderbird, da aka buɗe shi a kan kwafin aiki ba tare da intanet ba, ya nuna wasiƙu 33,260 a Inbox. Shirin ya fitar da 41,907. Bambancin 8,647 ya ci yinin yau.

Mafi yawansu wasiƙu ne da aka goge tun tuni. Idan mutum ya danna gogewa, Thunderbird ba ya cire wasiƙar daga fayil. Kwafinta yake kaiwa Trash, ya sa wa ta asali alama a layin X-Mozilla-Status, ya daina nuna ta. Darajar lamba ce ta tsarin goma sha shida mai gurbi huɗu: 0001 an karanta, 0002 an amsa, 0008 an goge. Ke nan 0009 na nufin an karanta kuma an goge. Duk wadda gurbinta na ƙarshe ya kama daga 8 zuwa F, gogaggiya ce. Irin waɗannan 8,631 ne, suna nan har sai an yi wa foldar Compact, wato an matse ta an fitar da gogaggun, kuma a wannan kwamfutar an daɗe ana danna a'a duk lokacin da aka tambaya. Wannan ne bayanin koken da ake yawan ji, cewa an goge wasiƙar amma manhajar kariya ba ta daina kuka ba.

Saura 16. Su ba wasiƙu ba ne, yankuna ne. Wasu tsofaffin wasiƙu na da layi a tsakiyar rubutu da ya fara da From da tazara ba tare da an sa masa alamar kariya a gaba ba, Python kuma duk inda ya ga haka yanka yake yi. Sha shida cikin dubu arba'in kamar ba komai ba ne, amma illar tana da girma: bayanin iyakokin sassan wasiƙa yana can a kanta, don haka idan aka raba ta biyu, maƙalallen fayil na iya faɗawa rabin da ba shi da kai, mai bincike ya ɗauke shi rubutu kawai ya wuce. An gyara shirin yadda duk gutsuren da babu X-Mozilla-Status a layukansa na farko za a mayar da shi jikin wanda ya gabace shi. Yanzu 33,260 da 8,631 sun ba da 41,891, daidai da adadin fayilolin.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Kafin a yarda da sakamako sai an gwada mai gwajin. An ɗauki fayil ɗin gwaji na EICAR, rubutu ne mai bayit 68 marar lahani da manhajojin kariya suka amince su kama. Aka maƙala shi a wasiƙu uku, ɗaya tsirara, ɗaya cikin zip, ɗaya cikin wasiƙar da aka maƙala a wata wasiƙar, aka cusa su a tsakiyar wani ƙaramin mbox, aka bi da shi ta shirin warwarewa. Duka ukun an kama su, kowace da lambarta. Sannan aka saki babban binciken:

`clamscan -r -i --alert-exceeds-max=yes --alert-encrypted=yes --alert-macros=yes --log=sakamako.txt wasiku/`

Sau ɗaya ake kiran `clamscan` a kan foldar baki ɗaya. Duk kira sai ya sake ɗora kundin alamomi a RAM, wanda ke cin fiye da GB 1 da daƙiƙoƙi masu yawa. A kira shi sau dubu arba'in kuwa, aikin sai ya kwashe kwanaki. Lambar fita ma abin dubawa ce: 0 babu komai, 1 an samu, 2 an yi kuskure. Wanda ya ga 2 kada ya ɗauka an gama.

Laraba, 12 ga Fabrairu

An kama 212 a Inbox ɗin sashen kuɗi. Da aka haɗa lambobin da jadawali, 147 na cikin gogaggun nan ne, Compact kaɗai zai kawar da su. Saura 65 masu rai, kuma a nan ne aikin ya koma na ido da hankali, don ba duk abin da aka kama ba ne cuta.

Guda 34 na da sunayen cuta tsayayyu, masu farawa da Doc ko Xls ko Win.Trojan, akasari takardun neman biya na bogi. Cikinsu 31 za a goge gaba ɗaya. Ukun da suka rage sun fito ne daga abokan hulɗa na gaske da kwamfutarsu ta kamu, kuma rubutun wasiƙar na da amfani ga lissafin ofis, don haka maƙalallen fayil kawai za a cire.

Guda 17 alamar Heuristics.Phishing.Email.SpoofedDomain suka ɗauko. Wannan zato ne: adireshin da aka rubuta a fili ya saɓa da inda mahaɗin ke kaiwa. 'Yan damfara na yin haka, kamfanoni masu aika sanarwa ta hannun wani kamfanin su ma suna yi. An karanta su ɗaya bayan ɗaya a matsayin rubutu zalla, 11 damfara ce, 6 na gaskiya ne.

Guda 9 takardun ofis ne masu ƙananan shirye-shirye a ciki, 5 kuma fayiloli ne masu kalmar sirri da injin bai iya leƙawa ba. An ciro maƙalallun da `munpack` a kan kwamfutar Debian, aka lissafa lambar tantancewa ta SHA-256 ta kowane, aka nemi lambar a VirusTotal, shafin da ke duba fayiloli da manhajojin kariya masu yawa. Lambar kawai aka shigar. Ɗora fayil ɗin kansa a can na nufin miƙa takardun kuɗin ofis ga wasu, kuma ba hurumin mai gyara ba ne ya yi haka da amanar da aka ba shi. Biyu daga cikin taran sanannun cuta ne, bakwai kuma jadawalin albashi ne na ofishin kansa. A cikin biyar masu kalmar sirri, uku bayanan asusun banki ne. Biyun kuwa zip ne da aka rubuta kalmar buɗe shi a jikin wasiƙar, dabarar da ake yi don a tsallake bincike. Sun shiga jerin gogewa.

Jimillar abin gogewa 46. An buga jerin a takarda, mai kula da sashen ya duba ya sa hannu.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An zaɓi ranar da ba a aiki, aka jona kwamfutar a inbata mai cikakken caji. Dalili shi ne Compact sabon fayil yake rubutawa, mai suna `nstmp`, yana kwafe wasiƙu masu rai, sai ya gama sannan ya maye gurbin tsohon da shi. Ɗaukewar wuta a tsakiya, ko cikar faifai, ko manhajar kariya ta cafke `nstmp` yana rabi, duk suna iya barin aikin a rataye. An tabbatar akwai fili fiye da girman Inbox, aka dakatar da binciken kai tsaye, aka mayar da Inbox mazauninsa tare da `.msf` ɗinsa.

Gogewa ta cikin Thunderbird aka yi ta, ba a taɓa fayil ɗin da hannu ba. An fara sa shi a yanayin aiki ba intanet, aka rufe ɓangaren nuna wasiƙa da F8, aka nemo kowace da kwanan wata da mai aikowa, aka danna Shift da Delete tare don kada ta biya ta Trash ta zauna a fayil na biyu. A wasiƙu ukun nan kuma an danna dama a kan maƙalallen fayil aka zaɓi Delete; wurinsa sai ya koma ɗan layin da ke nuna sunan abin da aka cire. Shi ma wannan sabon kwafi yake rubutawa, tsohon mai cutar na nan a ɓoye har sai an matse foldar. Aka zubar da Trash, aka yi Compact.

Inbox ya sauko zuwa GB 5.1. Thunderbird ya nuna 33,214, wato 33,260 a cire 46. Ba a tsaya a kan wannan adadi ba. An sake kwafe fayil ɗin, aka sake warware shi, aka kwatanta jerin Message-ID na da da na yanzu da `comm`. Abin da ya ɓace shi ne 46 ɗin da ke takarda da gogaggun da, babu ko ɗaya bayan su. Sake bincike ya kamo 16 kacal: shida na sanarwa, bakwai na albashi, uku na banki, duk sanannu.

Talata, 18 ga Fabrairu

Sauran kwamfutoci huɗu masu Thunderbird sun bi wannan hanya ba tangarɗa.

Ta Outlook daban take. PST rumbu ne mai ginin kansa, kuma yakan jirkita bayit ɗin da ke ciki, saboda haka binciken sa daga waje ba abin dogaro ba ne. An buɗe kwafinsa da `readpst` daga kunshin pst-utils, da zaɓin `-e` don kowace wasiƙa ta fito daban, da `-D` don a haɗa da na kwandon shara. Daga nan binciken iri ɗaya ne. Gogewa ta cikin Outlook za a yi, sannan a danna Compact Now a saitin fayil ɗin. An ɗaga wannan zuwa Asabar mai zuwa, bayan an bi kwafin da `scanpst.exe` an ga ko gininsa na da rauni.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Yau an toshe ƙofar da matsalar ta shigo. A kowane Thunderbird, ƙarƙashin Privacy & Security, an kunna zaɓin da ke ba manhajar kariya damar killace wasiƙa mai shigowa ita kaɗai. Da shi, kowace sabuwar wasiƙa sai ta fara sauka a fayil na wucin gadi. Idan mai cuta ce a nan ake kama ta kafin ta shiga Inbox. Wasiƙun POP masu shigowa kaɗai yake karewa, ba ya komawa kan na da. An cire foldar Mail kaɗai daga binciken manhajar kariya, ba duk foldar mai amfani ba, domin maƙalallen fayil da aka buɗe ko aka adana yana fita ne waje da ita, inda binciken kai tsaye ke jiransa. An kuma saita asusun su bar kwafi a saba na kwana 30.

An fara rarraba babban Inbox zuwa foldojin shekara-shekara da maɓallin Archive, shekara ɗaya a zama guda, ana Compact bayan kowace. An gama 2016 da 2017. Thunderbird na da zaɓin ajiye kowace wasiƙa a fayil nata, wanda zai kashe wannan matsala daga tushe, amma har yanzu ba shi ne tsarinsa na asali ba, kuma ba za a gwada shi a kan wasiƙun sashen kuɗi ba sai an ga yadda ya yi na wata guda a kwamfutar gwaji.

Abin da ya rage: matse PST ranar Asabar, ƙarasa rarraba shekaru bakwai, da haɗa kwafi da warwarewa da bincike su zama umarni ɗaya da za a riƙa gudanarwa farkon kowane wata, tunda alamar cuta kan iso kundin ne bayan cutar ta riga ta shiga akwati. Faifan ranar 4 ga wata yana kabad da dukkan 41,891 ɗinsa, masu cutar ma suna ciki. An manna masa takarda mai kwanan wata da gargaɗin kada a jona shi a kwamfutar da manhajar kariyarta ke kunne.